Ayurveda da ciwon da ya ƙi tafiya: tambayoyi da amsoshi

Mutumin da ciwo ya zauna masa a jiki wata da watanni babu abin da ba zai gwada ba. Na san haka domin na daɗe ina fama da ciwon kwankwaso, kuma a neman sauƙi ne na fara karanta yadda mutanen Indiya ke kula da jikinsu. Akwai abin da na ɗauka a wurinsu na ji daɗinsa, akwai kuma abin da nake jan kunnen mutane a kansa. Ga tambayoyin da masu irin wannan lalura suka fi yi.

Mene ne Ayurveda?

Ilimin magani ne na gargajiya da ya taso a ƙasar Indiya. Sunan daga harshen Sanskirit yake: *ayus* rayuwa, *veda* sani. Manyan littattafansa uku ne. Charaka Samhita, wanda ya kai kusan shekara 2000, ya fi ƙarfi a kan cututtukan cikin jiki. Sushruta Samhita ya shahara da bayanin tiyata. Sai Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda ya zo daga baya ya taƙaita su.

A Indiya ta yau hukuma ta san da shi. Tun 2014 akwai ma'aikatar gwamnati mai suna AYUSH da ke kula da shi tare da yoga (miƙe-miƙen jiki da sarrafa numfashi) da Unani (likitancin gargajiya da ya samo asali daga Girkawa da Larabawa) da wasu, kuma mai son zama likitansa, wanda suke kira *vaidya*, yakan yi karatun shekara biyar da rabi kafin ya karɓi digirin BAMS. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a garin Jamnagar na jihar Gujarat. Sai dai kafa ma'aikata daban, tabbatar da cewa kowane magani yana aiki daban. Wannan aikin bincike ne, za mu zo kansa.

Ina yawan jin vata, pitta da kapha. Me suke nufi?

Su ne *dosha* uku, ƙarfafan da masu wannan ilimi suka ce su ke tafiyar da jiki. Vata ta iska ce da sarari: motsi, numfashi, bushewa, sanyi. Pitta ta wuta ce da ɗan ruwa: zafin jiki, narkar da abinci, saurin fushi. Kapha ta ruwa ce da ƙasa: nauyi, maiƙo, majina, haƙuri. Suna cewa kowa da gwargwadon da aka haife shi da shi, wannan shi ne *prakriti*, kuma ciwo yana zuwa ne idan ɗaya ta yi yawa ta fita daga ma'auninta.

Babu gwajin jini ko hoton asibiti da zai nuna maka vata. Ni na ɗauke su a matsayin harshen siffanta yadda jiki yake, kamar yadda mu ma muke cewa wane sanyi ya kama shi, ko wance zafi ya yi mata yawa. Kakanninmu ba su auna wannan sanyin da na'ura ba, amma kalmar ta ba su hanyar lura da magana. A nan amfanin dosha yake. Inda ake kuskure shi ne mutum ya amsa tambayoyi goma a intanet, a ce masa shi ɗan vata ne, daga nan ya ɗauka ya gano cutarsa.

To yaya suke fassara ciwon da ya daɗe?

Likitocin zamani suna kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku yana nan ko yana tafiya yana dawowa. Su kuma masu Ayurveda kusan duk wani raɗaɗi a wuyan vata suke rataya shi. Ciwon gwiwa na tsufa, mai ƙara in an tanƙwara, suna ce masa *sandhivata*. Wanda ke tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har dunduniya *gridhrasi* ne, daga sunan ungulu, saboda yadda mai shi yake ɗingishi. Akwai kuma *amavata*, inda gaɓoɓi ke kumbura su yi zafi su sandare da safe.

Wannan na ƙarshen yana da alaƙa da abin da suke kira *agni*, wutar ciki mai narkar da abinci. Idan ta yi rauni, a cewarsu, abincin da bai narke ba yakan zama wani dauɗa mai yauƙi, *ama*, ya bi jiki ya maƙale a gaɓoɓi. Shi ya sa vaidya zai fara tambayarka bayan gida da cin abinci da barci tun kafin ya taɓa gwiwar da ka kawo ƙara.

Abin da ya burge ni shi ne sun raba gaɓar da ta bushe ta yi sanyi da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ba sa yi musu magani iri ɗaya. Ta farko mai da ɗumi take so. Ta biyun sun hana a shafa mata mai. Mu kuwa duka biyun sanyin ƙashi muke ce musu, mu nemi magani guda.

Me ake nufi da sanin jiki? Ai kowa ya san jikinsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne. Amma ka tambayi mai ciwon baya: da wane lokaci ya fi tsanani? Zai ce kullum. Me ke ƙara shi? Zai ce komai. Ciwon ya cika masa kai har ya daina ganin bambancin jiya da yau. Ni ma haka nake kafin in fara rubutawa.

Ka samu ƙaramin littafi. Sau biyu a rana, bayan sallar asuba da kafin kwanciya, ka zauna minti biyar shiru, ka bi jikinka da hankali daga tafin ƙafa zuwa ka. Ina ne yake ciwo, kuma wane iri? Suka ne, ko zugi, ko raɗaɗi kamar an zuba barkono, ko nauyi, ko jin kamar kiyashi na tafiya? Ka ba shi maki daga 0 zuwa 10. Ka rubuta awa nawa ka yi barci, me ka ci, ka yi bayan gida ko ba ka yi ba, wane aiki ka yi, ranka a ɓace yake ko a sake. Mace ta ƙara da kwanakin al'adarta.

Bayan mako uku ka karanta daga farko. A nawa littafin na ga abu biyu da ban taɓa lura da su ba: ranar da na yi doguwar tafiya a kan babur, washegari ce ke zama mafi muni, ba ranar ba, kuma duk daren da barcina bai kai awa shida ba, makin yana hawa. Babu bokan da ya gaya mini wannan, babu na'ura. Kuma ranar da na kai wa likita littafin, hirarmu ta fi ta kowane zuwa amfani.

Akwai wata koyarwa a Charaka Samhita da ta dace da nan. Ya lissafa buƙatun jiki 13 da ya ce kada a danne su: fitsari, bayan gida, tusa, amai, atishawa, gyatsa, hamma, yunwa, ƙishirwa, hawaye, barci, maniyyi, da hakin gajiya. Ka duba direban da ke riƙe fitsari daga Kano har Kaduna, ko tela da ke danne barci a makon sallah, ko matar da kunya ta hana ta kuka. Hawaye na cikin jerin, kuma wannan ya tsaya mini a rai, domin mu al'umma ce da ke yabon mai cijewa.

Gargaɗi ɗaya: lura daban, sa ido na tsoro daban. Idan ka ga zaman yana ƙara maka fargaba, kana ta lalube ko wani sabon wuri ya fara, ka rage shi zuwa sau ɗaya, ka mai da hankali kan numfashi kawai.

Wane tsarin yini suke koyarwa?

Suna kiransa *dinacharya*, kuma yawancinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. A tashi kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana. A yi bayan gida, a goge haƙora da ɗanyen reshe, sau da yawa na darbejiya, a kankare harshe. A shafa mai, a motsa jiki, a yi wanka. Babban abinci da rana tsaka, na dare mara nauyi kuma da wuri. A kwanta a kan lokaci guda kullum.

Game da motsa jiki sun ce a tsaya a rabin ƙarfi, wato da zarar gumi ya tsatso a goshi numfashi ya fara sauri. Ga mai daɗaɗɗen ciwo wannan shawara zinariya ce. Abin da ke kayar da mu shi ne ranar da muka ji dama-dama sai mu yi wankin mako guda, mu share tsakar gida, mu je kasuwa, sannan mu kwanta kwana uku.

Barcin rana kuwa ba su cika so ba, sai a lokacin bazara, ko ga yara da tsofaffi da marasa ƙarfi. Wanda ya saba da ƙailula ya gajarta ta yadda ba za ta cinye masa barcin dare ba.

Yaya ake shafa man, kuma wane mai?

Sunansa *abhyanga*. Man riɗi suka fi amfani da shi domin suna ganin yana da ɗumi, a wurare masu zafi kamar jihar Kerala ta kudancin Indiya kuma man kwakwa. Riɗi dai ba mu rasa shi ba, Jigawa da Nasarawa da Binuwai suna noma shi har a fitar waje. Wanda bai samu ba, man kaɗanya zai yi masa aikin tausa.

Ka zuba mai kamar cokali uku a ƙaramin kofi, ka tsoma kofin a ruwan zafi har ya yi ɗumi. Ka gwada a bayan hannu. A dogayen ƙasusuwa, hannu da ƙafa, ka ja tafin hannu sama da ƙasa. A gaɓoɓi ka zagaya. Kada ka danna har ka cije leɓe. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, ka ɗan jira, ka yi wanka da ruwan ɗumi. Ka goge tafin ƙafa sosai kafin ka shiga banɗaki, santsin mai ya kayar da mutane da yawa.

Littattafan da kansu sun hana shafawa ga mai zazzaɓi, da wanda bai daɗe da cin abinci ba, da mai cushewar ciki. Ni kuma ina ƙarawa: kada a tausa gaɓar da ta yi ja ta kumbura, ko fatar da ke da rauni, ko sha-raɓar da ta kumbura ita kaɗai tana zafi, domin yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, tausa kuma na iya tunkuɗa shi zuwa huhu.

Man ba ya ratsa fata ya je ya cika gwiwa kamar yadda ake zuba wa inji baƙin mai, ko da wani ya gaya maka haka. Abin da ke faruwa shi ne ɗumi da tausa suna sassauta naman da ya ɗaure, hankali ya kwanta, barci ya zo da sauƙi. A lokacin hunturu, da fata ke tsagewa gaɓoɓi ke ƙara sandarewa, na fi jin amfaninsa.

Gashi da ruwan zafi fa?

Suna yi, *swedana* ke nan. A Kerala sukan ɗaure ganye ko yashi mai ɗumi a ƙyalle su dinga dannawa. Akwai kuma wanda ake kewaye ƙugu ko gwiwa da kwaɓaɓɓen gari kamar bakin rijiya, a zuba mai mai ɗumi a ciki ya zauna. A gida tawul da ruwan ɗumi ya wadatar, minti 15 zuwa 20. Ɗumi nake cewa, ba irin tafasasshen ruwan wankan jego ba. Mai ciwon suga ya yi hattara ƙwarai, domin ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba.

Akwai abincin da suka hana mai ciwon gaɓoɓi?

Sun kasa ɗanɗano gida shida: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. Ukun farko a wurinsu suna kwantar da vata, ukun ƙarshe suna tayar da ita in sun yi yawa. Don haka mai ciwon vata ana ba shi abinci dafaffe, mai ɗumi, mai ɗan maiƙo, da citta a ciki, a kuma rage masa busasshen abu da ruwan ƙanƙara. A namu kwanon, kunu da ɗumi da tuwo da miyar kuɓewa da ɗan man shanu sun shiga wannan siffa.

Charaka ya ce a kasa ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi fili. Duk wanda ya yi karatun hadisi zai tuna da wanda Tirmizi ya ruwaito a kan sulusin abinci, sulusin abin sha, sulusin numfashi. Na yi mamaki ranar da na fara cin karo da wannan.

Kada dai a kai abin ga takura. Na ga mutanen da aka hana wake, aka hana nono, aka hana nama, aka hana tumatir, har suka rame. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri wai don vata, mai suga kada ya ƙara zaƙi. Abin da aka tabbatar shi ne rage ƙiba yana sauƙaƙa wa gwiwa, domin ita ke ɗauke da kayan.

Shin bincike ya nuna yana aiki?

Wani ɓangare, kuma da sauran aiki. A 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Balin ta ƙasar Jamus a kan mutum 151 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa. An raba su biyu: wasu aka yi musu kulawar Ayurveda, tausa da mai da gyaran abinci da yoga da magunguna, wasu kuma kulawar asibiti da aka saba, tsawon mako 12. Duka sun samu sauƙi, amma na rukunin Ayurveda ya fi. Sakamako ne mai kyau. Sai dai kowane majinyaci ya san rukunin da yake ciki, kuma da yake abubuwa da yawa aka haɗa, ba a iya cewa wanne ne ya yi aikin ba.

Ga ciwon baya, shaidar da ta fi ƙarfi tana wajen motsa jiki. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, irin su motsa jiki da yoga, kafin a kai ga magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, don haka ba kai kaɗai ba ne.

Abin da na fahimta shi ne, ɓangaren da ya fi arha, wato barci da motsi da ɗumi da tausa, shi ne kuma ya fi aminci. Ɓangaren da ake sayarwa a kwalba shi ya fi tsada ya fi haɗari.

Wane haɗari ke cikin magungunan kwalba? Ai ganye ne.

Ba duka ne ganye ba. Akwai reshen Ayurveda mai suna *rasa shastra* da ke sa ƙarafa a magani da gangan: zaiba, dalma, da sinadarin asinik, a ƙona su su zama toka da ake kira *bhasma*. Masu yi suna cewa sun tsarkake su. Gwajin ɗakin bincike bai goyi bayansu ba. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna 70 a shaguna, suka samu dalma ko zaiba ko asinik a cikin 14. A 2008 suka sake yi da waɗanda ake saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Duk kwalbar da ka ga an rubuta *bhasma* ko *rasa* a jikinta, ka guje ta.

Ganyen ma ba a sha da ka. Ashwagandha, da ake tallata wa masu gajiya da rashin barci, an samu mutanen da ta taɓa musu hanta, tana iya motsa ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, kuma ba ta dace da mai ciki ba. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Giloy, wani tsiro mai yaɗo da aka sha sosai a Indiya lokacin korona, likitocin can sun ba da rahoton masu ciwon hanta ta dalilinsa. Kurkum a miya lafiya lau ne, amma ƙwayoyinsa masu ƙarfi, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro, sun jawo wa wasu ciwon hanta, kuma ba a haɗa su da maganin tsinka jini sai da sanin likita.

Sannan akwai ha'inci. Maganin gargajiyar da ka sha yau, gobe ciwon shekara biyar ya ɗauke ɗif, ka yi zarginsa. Ana samun masu cusa sinadarin sitiroyid a ɓoye, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da suga, ya rarake ƙashi. Ka duba lambar NAFDAC in a Najeriya kake, duk da cewa lambar ba shaidar warkarwa ba ce. In idonka ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu bayan fara wani magani, ka daina nan take ka tafi asibiti da kwalbar a hannunka.

Gaskiya ne wasu itatuwansu muna da su a nan?

Gaskiya ne. Darbejiya, da wasu ke kira dogonyaro ko maina, daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. Zogale ma asalinsa can ne, suna ce masa *shigru*. Citta, hulba, kanumfari da masoro duk suna cikin haɗe-haɗensu. Ƙaron da suka fi ba masu ciwon gwiwa, *shallaki*, daga wata bishiya yake fitowa 'yar'uwar hano ko ararrabi ta dajinmu, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage ciwon. Amma dangantaka ba ta sa su zama abu guda. Kada wani ya sassaƙo hano ya ce ai shi ne aka gwada.

Ni Musulma ce. Ya halatta in yi amfani da shi?

Hukunci na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan iya yi shi ne in faɗa miki abin da ke ciki don tambayarki ta fito daidai. Ayurveda ya taso a cikin al'adar Hindu, littattafansa suna danganta asalinsa ga abin bautarsu, kuma a wasu asibitocinsa za ki ga gunkin Dhanvantari ana yi masa addu'a. Wasu haɗe-haɗen suna ɗauke da fitsarin saniya, ana rubuta shi *gomutra*. Magungunan ruwa da sunansu ke ƙarewa da *arishta* ko *asava* jiƙo ne da aka bari ya yi tsami har ya zama da barasa a ciki.

A ɗaya gefen, Musulmin farko sun karanta likitancin Indiya. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa an fassara littattafansu zuwa Larabci, kuma Ali bin Rabban al-Tabari ya ware musu sashe a littafinsa Firdausul Hikma, wanda ya kammala a shekarar 850. Shafa man riɗi, cin abinci da ɗumi, da kwanciya da wuri ba su buƙatar ki ambaci sunan kowa sai Allah. Miƙe-miƙen jiki ma ana yinsu ba tare da wani kirari ba, likitocin gashin ƙashi suna koyar da irinsu.

Zan iya ajiye maganin asibiti in koma wannan?

A'a, musamman in ciwonka irin amosanin gaɓoɓi ne mai kumburi, wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa. Irin wannan in ba a danne shi da wuri da magani kamar metotireset ba, yatsu suna karkacewa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Haka mai sikila: ɗumi da shan ruwa da tausa mai laushi suna taimaka masa, amma ba sa maye gurbin asibiti ranar da ciwon ya tashi.

Inda nake fatan a samu canji shi ne yawan haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba. Diklofenak da ibufurofen na kullum suna cin ciki su raunana ƙoda, tiramol kuma mun ga yadda ya kama matasanmu. Idan tsarin yini ya sa mutum ya rage buƙatarsu, riba ce babba. Amma wanda ya daɗe yana shan tiramol kada ya yanke shi rana ɗaya, a rage masa a hankali a hannun likita. Kuma duk abin da kake sha, na ganye ko na kanti, ka faɗa wa likitanka ko da kana jin zai yi faɗa.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Ciwon baya tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta saki: wannan na ranar ne, ba na gobe ba. Haka ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Gaɓa guda da ta kumbura ta yi ja cikin kwana ɗaya. Ciwon ƙirji mai sauka hannu. Ciwon da ya biyo faɗuwa ga tsoho. Sabon ciwon ƙashi ga wanda ya taɓa yin ciwon daji.

Zan raka mahaifina Indiya asibiti. Ya dace mu gwada panchakarma a can?

*Panchakarma* ayyuka biyar ne na wanke jiki: sa amai, sa gudawa, ɗura mai ko ruwan magani ta dubura, ɗura magani ta hanci, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku. Ana shafe kwanaki kafin nan ana shan man shanu ana gashi. Aiki ne mai wahalar da jiki, yana iya ƙarar da ruwan jikin dattijo, kuma littattafan da kansu sun hana wasu sassansa ga tsoho da mai rauni da mai ciki. In Baba yana da ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, ko an yi masa tiyata kwanan nan, ku bar shi.

In tausa da gashi kawai kuke so, ku fara tambayar likitan da ya kai ku can. Ku nemi wurin da likita mai digirin BAMS da rajista yake duba mutum, domin a Kerala wuraren shaƙatawar baƙi masu ɗauke da sunan Ayurveda suna da yawa. Ku nemi a rubuta muku sunan duk abin da aka ba shi ya sha.

In na fara, yaushe zan ga canji?

Ka ɗauki abu biyu kawai da farko, misali lokacin kwanciya guda da tafiyar minti goma bayan la'asar. Bayan mako biyu ka ƙara shafa mai sau uku a mako. Kada ka canja abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya taimaka ba. Ka ba shi mako shida zuwa takwas kana rubutawa.

Kuma kada ka auna da makin ciwo kaɗai. Ka duba ko yanzu kana iya tsayuwar sallah ba ka jingina ba, ko kana kai wa kasuwa a ƙafa, ko kana farkawa sau ɗaya maimakon sau huɗu. A wurina barci ne ya fara gyaruwa, ciwon bai motsa ba sai a wata na biyu, kuma har yau yakan dawo in na yi ganganci da doguwar tafiya. In mako takwas sun cika littafinka bai nuna komai ba, ko makin yana hawa, ka ɗauke shi ka koma wurin likita, ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi ko a sake duba asalin ciwon.